Wat 2000, 25,000 Pa ko 200 AW: wane injin shara ne ya fi zuƙar ƙura?

Malama, kin ce tsohon injin shararki mai wat 2000 ya daina jan ƙura kamar da, kin fita neman sabo kin ga guda uku. Ɗaya mai waya ne da jakar ƙura, an rubuta wat 700 a kwalinsa. Ɗaya mai batir ne, an rubuta 25,000 Pa. Na uku shi ma mai batir ne, an rubuta 200 AW. Gidanki ɗakuna biyu ne ke da kafet, sauran tayil ne, kuma ɗanki yana fama da asma. Kina son sanin wanne ya fi ƙarfin zuƙa, wanne ba ya cin wuta a banza, kuma ko sauka daga 2000 zuwa 700 ba ci baya ba ne.

Lambobin nan uku ba abu ɗaya suke aunawa ba. Jera su a ce wannan ta fi waccan kamar gwada tsawon wani ne da nauyin wani. Na daɗe ina kwance injunan nan ina ɗaurawa, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawan mutanen da ke sayen injin da bai dace da su ba saboda lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali.

Wat ɗin da ke jikin injin mai waya, wutar da yake ci ce, ba aikin da yake yi ba. Ki kunna tsohon injinki na minti biyar, sannan ki sa hannu a inda iska ke fita ta baya. Ɗumin da za ki ji, wutarki ce ta zama zafi. Wani kaso ya tafi a ƙara, wani ya tafi wajen tura iska ta lanƙwasassun hanyoyin cikin injin. Abin da ya rage shi ne ya isa ƙasa ya ɗauki ƙura, kuma a yawancin injunan gida bai kai rabin abin da aka ci ba.

Don ki gane sauran lambobin biyu, sai kin san yadda zuƙar take faruwa. Injin ba ya jan ƙura da kansa. Moto ne a ciki yake juya farfela da gudun da kan haura zagaye 20,000 a minti ɗaya, farfelar tana watso iska waje, sai matsin iskar cikin injin ya ragu. Iskar ɗaki kuwa tana danna komai da matsin kusan kilopaskal 101, don haka sai ta ruga ta cikin tiyo don cike gurbin, ta kwashi duk abin da ta tarar a hanya. Iska ce ke ɗaukar ƙura. Inda iska ba ta tafiya, ko da ƙarfin zuƙa ya kai ina, ƙura tana nan inda take.

Abu biyu ke nan ake aunawa. Na farko, bambancin matsi tsakanin ciki da waje, wanda ake rubutawa da Pa (paskal) ko kPa (kilopaskal, wato Pa dubu). Na biyu, yawan iskar da ke wucewa, wanda ake aunawa da lita a daƙiƙa. Su biyun nan kamar sikeli suke, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ki toshe bakin tiyo da tafin hannunki: za ki ji ya kama fata tam. A wannan lokacin matsi ya kai ƙololuwarsa, amma iskar da ke wucewa sifiri ce, ko ƙwayar yashi ba za ta motsa ba. Ki ɗage hannu ki bar tiyon a buɗe: iska tana kwarara iya ƙarfinta, matsi kuma ya faɗi ƙasa. Shara tana faruwa ne a tsakanin waɗannan gefuna biyu. Lambar 25,000 Pa da kika gani, wato kPa 25, kusan kullum daga gefen farko aka ɗauko ta, lokacin da aka toshe bakin injin. Matsi ne da zai iya ɗaga ruwa kimanin mita biyu da rabi a cikin bututu, ba ƙarami ba ne, amma bai gaya miki komai ba game da iskar da ke tafiya. Sirinjin allura ma, idan kika toshe bakinsa kika ja, zai ba da matsin da ya fi na kowane injin shara, kuma ba wanda zai share ɗaki da shi. Shi ya sa ƙananan injunan nan masu yawo da kansu a ƙasa suke iya buga dubban Pa a kwali, alhali iskar da suke ja ba ta taka kara ta karya ba.

AW ita ce ta fi kusa da gaskiya a cikin ukun, domin ta haɗa abubuwan biyu. Ma'anarta wat ɗin iska, kuma lissafinta mai sauƙi ne: matsi a kPa sau yawan iska a lita cikin daƙiƙa. Injin da ke riƙe da kPa 10 yayin da lita 25 ke wucewa kowace daƙiƙa yana ba da wat ɗin iska 250. A Amurka, inda suke auna iska da CFM (ƙafa kubik a minti), matsi kuma da incin ruwa, ana ninka biyun a raba da 8.5, bisa ƙa'idar gwaji ta ASTM F558. Sharaɗin shi ne a auna biyun a lokaci guda. Idan wani ya ɗauki matsin da aka samu a toshe ya ninka da iskar da aka samu a buɗe, zai fito da lamba mai ban sha'awa wadda injin bai taɓa bayarwa ba ko na daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma batun inda aka auna. Lambar da aka ɗauka a bakin moto daban take da wadda aka ɗauka a ƙarshen tiyo mai tsawon mita biyu, bayan iska ta ratsa jaka da matata, wato abin tace ƙura.

Daga nan ake fitar da abin da kike nufi da rashin cin wuta a banza: wat ɗin iska a raba da wat ɗin wuta. A misali, injin da ya ci 2000 ya ba da 400 ya mayar da kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya ci 700 ya ba da 250 ya mayar da kusan kashi 36. Na farko ya fi ƙarfi, na biyu ya fi tattali nesa ba kusa ba, kuma 250 ta wadatar da sharar gida idan kan injin, wato ɓangaren da ke taɓa ƙasa, mai kyau ne.

Wat 700 ɗin nan ba haka kawai ya faɗo ba. Shekaru da dama kamfanoni suna rige-rigen ƙara wat saboda sun lura mai saye lamba yake kallo, har aka kai 2000 da ɗoriya. Sai Tarayyar Turai ta taka musu birki. Daga 1 ga Satumba 2014 ta hana shigo da sabon injin shara mai waya da ya kai wat 1600 kasuwa, daga Satumba 2017 kuma ta sauko da iyakar zuwa 900. Ba wat kaɗai dokar ta taɓa ba. Ta ce ƙara kada ta wuce desibel 80, moto ya iya aikin awa 500 aƙalla, kuma dole injin ya ɗauke wani kaso da aka ƙayyade na ƙurar gwaji daga kafet da kuma busasshen daɓe. Wato an rage musu abin da za su ci, an kuma hana su rage aiki. Sai suka koma gyaran abin da suka daɗe da sakaci da shi: siffar farfela, faɗin hanyar iska, robobin da ke toshe ɓaraka, da ƙirar kan da ke taɓa ƙasa. Injin mai wat 700 daga kamfanin da ya san aikinsa ba ci baya ba ne ko kaɗan. Dokar dai ba ta shafi masu batir da masu yawo da kansu ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tare da dokar an fito da takardar da ake liƙa wa injuna mai nuna darajar tattalin wutarsu. Kamfanin Dyson ya kai ƙara, yana cewa ana gwada injunan ne da jaka fayau ba ƙura a ciki, alhali ba wanda ke shara haka a gida. A Nuwamba 2018 kotun Tarayyar ta ba shi gaskiya ta soke ƙa'idar takardar, a farkon 2019 aka daina liƙa ta, iyakar wat 900 kuma ta ci gaba da aiki. Kowa ya san kamfanin yana da nasa amfanin a shari'ar, tunda injunansa ba su da jaka. Duk da haka hujjar gaskiya ce, kuma ita ce abin da nake gani a kan teburin aikina kowane mako: ƙarfin injin ranar da aka fito da shi daga kwali ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne ƙarfin da ya rage masa bayan wata shida.

Akwai wani bawan Allah da ya kawo mini injinsa mai wat 1800 yana cewa moton ya mutu, in canza masa. Ya ce yana kunnawa sai ya yi ta kuka mai tsini, bayan minti goma ya ɗauke da kansa. Na buɗe murfi na zaro soson da ke gaban moto. Asalinsa shuɗi ne, amma ya koma toka-toka, ya yi tauri kamar kwali, na buga shi a gefen tebur ƙura ta zubo gari guda. Na ɗaga tiyon na saki ƙaramin ƙarfe ta sama, bai fito ta ƙasa ba. A daidai lanƙwasar mariƙi na tarar da safar yaro, gashi ya nannaɗe ta ya zama toshi. Na zare ta da waya, na sa sabon soso, na kunna, sai da labulen da ke kusa ya taho bakin tiyon. Moton lafiyarsa ƙalau.

Kukan nan mai tsini yana ruɗar mutane, suna ɗauka injin ya ƙara himma ne. Akasin haka ne. Idan hanya ta toshe, farfela ba ta samun iskar da za ta tura, nauyi ya ragu a kanta, sai ta ƙara gudu, wutar da moto ke ja ma raguwa take yi. Matsalar ita ce iskar da ke wucewa ita ce ke sanyaya moton. Ba iska, zafi ya taru, sai ɗan makunnin kariya da ke ciki ya yanke wuta. In aka ci gaba da yi masa haka, wata rana naɗin wayar moton ne zai ƙone. Don haka ƙara ba shaidar ƙarfi ba ce, sau da yawa ma shaidar ciwo ce.

Jaka tana rage ƙarfi ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Iska tana fita ne ta ƙananan ramukan jikinta, kuma ƙura mai laushi tana toshe su tun jakar ba ta kai rabi ba. Toka ko garin siminti kan kashe sabuwar jaka a shara ɗaya. Jakunkunan zamani na zare mai hawa-hawa sun fi na takarda jurewa sosai. Injin marar jaka kuwa yana juya iska ne kamar guguwa, ƙura ta watsu jikin bango ta faɗa mazubi. James Dyson ya yi samfuri 5,127 kafin ya daidaita wannan dabara, ya fito da injinsa DC01 a Ingila a 1993. Idan an ƙera ta da kyau, da ƙananan guguwoyi da yawa, ƙarfi yakan daɗe bai faɗi ba. Amma juya iskar ma yana cin wani kaso na ƙarfi tun daga farko, kuma injunan da aka yi wa kwaikwayon dabarar da guguwa ɗaya tak suna barin ƙura mai laushi ta wuce kai tsaye zuwa matata. An gudu ba a tsira ba ke nan: an rabu da jaka, an koma wanke soso kowane mako.

Sai kan injin, wanda a ganina ya fi moto tasiri a kan kafet, kuma ba a rubuta masa lamba a kwali. Yashin da takalmi ke shigowa da shi ba ya zama a saman kafet, gangarawa yake yi gindin zare ya maƙale. Iska kaɗai ba ta fito da shi sai an girgiza zaren. Tun 1907 James Murray Spangler, mai aikin shara a wani kanti a Canton ta jihar Ohayo, wanda ƙura ke tayar masa da tari, ya gane haka ya haɗa buroshi mai juyawa da fanka, a 1908 kuma William Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar. Har yau injin mai matsakaicin ƙarfi da buroshi mai juyawa yakan fi mai ƙarfi sosai da kai marar buroshi fitar da datti daga kafet. Ki bambanta iri biyu: akwai buroshin da ke da nasa ƙaramin moto, akwai wanda iskar injin ce ke juya shi. Na biyun daga ƙarfin zuƙa yake ɗiba, kuma yakan tsaya cak a kafet mai kauri. Wani abin lura: idan kai ya manne wa kafet har turawa na yi miki wuya, ba shara yake yi ba, ya koma halin tafin hannun nan ne. Ki buɗe ɗan murfin da ke jikin mariƙi ko ki rage ƙarfi, iska ta samu hanya. A kan tayil kuwa ba a buƙatar wani ƙarfi mai yawa, sai dai tsakanin layuka inda ƙura ke ɓuya.

Masu batir suna da nasu lissafi. Moton da ke cikinsu, irin marar gawayi (ɗan sandan kabon da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa), ya fi tsofaffin tattali, wasu na kai zagaye 125,000 a minti. Amma batir ma'aji ne mai iyaka. Wanda ke da bolt 21.6 da amfiya-awa 2.5 yana ɗauke da wat-awa 54 ne kacal. Idan injin yana cin wat 400 a matakin ƙarfi na ƙarshe, minti takwas ne ya ƙare. Idan yana cin 80 a matakin farko, zai kai minti 40. Kwali zai nuna miki AW na matakin ƙarshe da mintunan matakin farko gefe da gefe, amma ba za ki taɓa samun su tare ba. Don haka 200 AW ɗin da kika gani ƙarfi ne na 'yan mintuna. Ki nemi sanin nawa yake bayarwa a matakin tsakiya, da minti nawa yake yi da buroshi a kunne, kuma ko ana iya cire batirin a sa sabo, domin bayan 'yan shekaru sai ya raunana.

Wutar shekara ba ta da wuyar lissafi. Shara ta awa ɗaya a mako da injin wat 2000 tana cin kilowat-awa 104 a shekara, da mai 700 kuma 36 da 'yan kai. Amma idan kan injin maras kyau ne har sai kin bi wuri ɗaya sau biyu, kin ninka lokacin, kin cinye rabin ribar.

Batun ɗanki shi ya fi tsaya mini a rai, kuma shi zan sa gaba da duk lambobin nan. Duk iskar da injin ya zuƙa, ɗakin yake mayar wa. Idan matata ba ta da kyau, ya kwashe ƙurar da ke kwance lafiya a ƙasa ya watsa ta daidai hancin yaro. Ki nemi matatar HEPA, wato mai tare ƙura mafi laushi, mai daraja a rubuce. H13 a ma'aunin Turai na EN 1822 tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa, ma'aunin Amurka kuma yana neman kashi 99.97 na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3. Idan aka rubuta cewa matata mai kama da HEPA ce ba tare da daraja ba, kada ki dogara da ita. Kuma matata ba ta da amfani idan iska na zurarewa ta gefenta, don haka ki duba ko akwai roba kewaye da mazauninta. Za ki iya gwadawa da kanki: ki kashe fitilar ɗaki da dare, ki haska tocila a gefen inda iska ke fita da mahaɗan jikin injin yayin da yake aiki a kan kafet. Ƙurar da ke tserewa za ta bayyana a cikin hasken. Zubar da mazubin marar jaka ma yana tayar da ƙura, jaka mai murfi kuwa cirewa kawai za ki yi ki rufe ki jefar.

A cikin ukun da kika ambata, da ni ne mai wat 700 ɗin zan ɗauka, muddin yana da matatar H13 kuma ana iya sa masa kai mai buroshi mai juyawa saboda ɗakunan kafet. Mai 200 AW zai yi miki daɗin sharar tayil ta yau da kullum, kuma idan kansa yana da moto zai iya kafet ɗin ma. Mai 25,000 Pa da bai faɗi yawan iskarsa ko AW ɗinsa ba, ban da abin da zan auna shi da shi, sai dai gwaji.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba shi da wuya idan kina da ƙaramin sikeli. Ki auna giram 100 na busasshen yashi da aka tankaɗe, ki barbaza a kan murabba'in mita ɗaya na kafet, ki taka shi ya shige. Ki auna jakar ko mazubin, ki bi wurin gaba da baya sau biyar a hankali, kamar rabin mita a daƙiƙa, wanda shi ne gudun da ake bi a ɗakunan gwaji, sannan ki sake aunawa. Ki maimaita bayan makonni, lokacin da jakar ta kai rabi, ki ga nawa lambar ta sauka.

Kafin ki sayi komai, ki yi wa tsohon naki abin da na yi wa na mutumin nan. Ki zare shi daga wuta, ki canza jaka, ki fito da matatar gaban moto da ta baya. Wadda aka ce ana wankewa ki wanke ta da ruwa zalla ki bar ta ta bushe awa 24 cif, domin jiƙaƙƙiya tana kashe moto. Ki saki ƙaramin ƙarfe ta cikin tiyo ki ga ko zai fito. Ki kunna shi ki bi jikin tiyon da hannu, kina lanƙwasa shi kina sauraron huci, musamman kusa da mariƙi inda yake yawan tsagewa. Ki juya kan ki yanke gashi da zaren da suka naɗe buroshi, ki duba ko bel ɗinsa ya saki. Idan bayan duk wannan har yanzu ba ya ja, kuma kina jin ƙauri ko kina ganin tartsatsi ta ramukan baya, gawayin moto ne ya cinye ko boris ya lalace, sai ki kai shi wurin mai gyara ya duba ko moton zai karɓi gyara.